Cittar Baba a Kan Garwa

A shekarun da sojoji suka koya mana bin layi da bulala, mahaifina ya zo ya zauna da mu a Makarfi, kuma ba da son ransa ya zo ba. Mahaifiyata ta rasu a lokacin kaka, ba a daɗe da share makoki ba shi kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙannena maza duk sun watse birane neman abin sakawa a baka, a ƙauyenmu can kudancin Kaduna babu mai ɗaga shi ya kwantar. Sai na je na ɗauko shi a mota, yana yi mini faɗa da yarenmu tun daga ƙofar gida har muka wuce Zariya.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare. Maigidana kuwa Bahaushe ne Kirista, mutumin wajen Nasarawan Doya, sana'arsa gyaran risho da fitilar ƙwai. Sana'a ce mai rufin asiri kafin kalanzir ya yi ɓatan dabo. Da ya ɓace, matan gari suka jingine risho suka koma murhu da kara, shi kuma ya koma zaman rumfa yana kora ƙuda, ga damin sabon lagwani rataye a bayansa ba mai taya shi ko da wasa.

Muka ba Baba ɗakin da ke da taga ta gabas. Ya kwanta ya juya fuska bango, ya ƙi abinci. Tuwon dawa ya ce yana maƙale masa a wuya. Na yi cigiyar acca har na samu a wurin wata 'yar zumuntar mata, na dama masa yadda Mama take yi, ya kurɓa sau ɗaya ya ture kwanon. Kullum maganarsa ɗaya ce, a mai da shi gida. Na san abin da yake nufi da gida, wato ya je ya kwanta a ɗakin da babu mai ba shi ko ruwa, ya jira ranarsa. Ina kallon wuyansa yana ƙara tsawo a cikin riga, tsoro yana cina.

Sai ga wani ɗan majami'armu mai a-kori-kura, wanda yake kai mazarƙwaila kasuwannin kudu, ya zo gaishe shi. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ya fi hankalinsa sauri. A gabana ya yi wa Baba alkawarin cewa duk ranar da ya samu man fetur zai biyo ya ɗauke shi har ƙofar gidansa. Na harare shi har idona ya yi ciwo, bai ko lura ba. Daga ranar Baba ya sa na ɗaure masa kayansa a ɗan buhu, aka ajiye a ƙarƙashin gado. Ina jin a faɗin ƙasar nan ni kaɗai ce nake durƙusawa ina roƙon Ubangiji kada man fetur ya samu.

Wata Asabar, ranar sharar dole, bayan mun gama kankare ƙofar gida don kada jami'an duba-gari su sami abin faɗa, na ɗauko tsohon kwat ɗin Baba zan wanke. A aljihun ciki na ji wani abu mai tauri. Citta ce, hannu guda, ta yamutse amma ta fara fidda 'yan idanu. Na yi murna, don citta ma ta yi tsada, na ce yau kunu zai yi ƙamshi. Na ɗauko turmi ke nan sai na ji wata tsawa daga ɗaki wadda rabona da jin irinta tun ina yarinya.

"Ajiye min abina. Iri ne."

Ashe lokacin da yake kwance ba ya iya magana sosai, dangi sun haƙe gonarsa kaf sun sayar, ba su bar ko na shuka ba. Wannan hannun kaɗai ya samu ya ɓoye. Irin da ya gada ne daga mahaifinsa, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin shekarar da bai shuka shi ba.

Da na ba maigidana labari, sai ya sosa ƙeya. Shuka ta a waje dai ba ta yiwuwa. Bazara ce, ƙasa ta ƙeƙashe, awakin unguwa ko tsumma suka gani kore sai sun ci, rijiya kuma ta ja baya har sai an ƙara igiya. Ga shi Baba ba ya iya fita, balle ya ɗaga bokiti. Washegari bayan sujada maigida ya shiga rumfarsa, ya yi ta ƙwanƙwasa da yanke-yanke. Ya yanke bakin wata garwar man gyaɗa, ya huda gindin tsohon darona, ya zura sababbin lagwanin nan ta hudojin suka sauko ƙasa. Ya cika garwar da ruwa, ya ɗora daron a kai, ya zuba ƙasar bakin fadama da ya cakuɗa da taki. Ya ce yadda lagwani yake jan kalanzir zuwa wuta, haka zai ja ruwa zuwa saiwa, sai dai a riƙa ƙara ruwa jefi-jefi ta wani ɗan bututu da ya liƙa a gefe. Bututun ma ya yi masa murfi saboda sauro da kuma idon 'yan duba-gari.

A nan ne aikina ya ƙaru. Maigidana mutum ne mai tsananin kunyar suruki. Tun da Baba ya zo bai taɓa shiga ɗakin ya zauna ba. Daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya tsuguna, ya yi gaisuwa mai tsawo yana kallon ƙasa, ya tashi. Ko garwar nan da ya kinkimo, ajiye ta ya yi a bakin taga kusa da gadon ya fice kamar an biyo shi. Don haka duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta kaina.

Baba ya daɗe yana kallon abin. Ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, ya tsoma yatsa ya ji danshi.

"Tambayi mijinki, wannan gona ce ko risho?"

Na fita na tambaya. Maigida ya ce in gaya wa Baba duka biyun ne. Da na kawo amsar, gefen bakin Baba mai lafiya ya ɗan motsa. Ya sa na riƙe masa cittar, ya ɓalle ta gida-gida da hannun damansa, kowane da idonsa, ya binne su da kansa. Sannan ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Ina ciyawar?"

Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai gane nauyin tambayar nan ba. A ƙauyenmu ba a shuka citta a bar ta a buɗe. Ranar da aka shuka, ranar ake lulluɓe gonar da ciyawa da ganye, kuma duk yaran gida sai sun fita yanka. Wuyana har yau yana tuna dammunan da na ɗauka. Gonar da ta kwana ba lulluɓi, washegari sunan mai ita yana bakin mata a rafi.

Na kai wa maigida saƙo. Ya girgiza kai ya ce a'a. A gona rana ce take ƙona ƙasa, ruwan sama kuma ya daddake ta, shi ya sa ake rufewa. A ɗaki ba rana ba ruwan sama, ruwa daga ƙasa yake hawowa ba dare ba rana, in an toshe sama ta ina ƙasar za ta sha iska? Ya ce ko risho aka toshe wa kafofin iska hayaƙi yake yi. Na koma na rage wa maganar kaifi na faɗa wa Baba. Baba ya ce in gaya wa mijina shi tun kafin a haifi uban mijin nawa yake noman citta. Wannan ban kai ta yadda take ba, na ce Baba ya gode, amma yana ganin a ɗan rufe. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da zaure, ina sauke wa wannan ina tausasa wa wancan, in na gaji kuma in ƙara nawa gishirin don su ji yadda nake ji. Amma a raina daɗi nake ji, don rabon Baba da doguwar magana irin wannan tun rasuwar Mama.

Gardamar ta tsaya ne a kan cewa ciyawar ma babu. Da bazara a ƙasar Makarfi duk wani abu mai kama da ciyawa yana kan rufin ɗakin masu dabbobi, an adana. Sai maƙwabcinmu ya shigo cikin maganar. Wani dattijo ne Musulmi manomin rake, muna ce masa Malam, kullum da hantsi yakan shigo ya zauna a bakin gadon Baba su gaisa, ya yi ta ba shi labarin gona ko da Baba bai amsa ba. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya yi dariya.

"Haba dattijo, a garin rake za a rasa abin rufe ƙasa? Ga tuƙa can jibge a wurin matsa, har ƙona ta muke yi a gindin kasko."

Tuƙa ita ce abin da ya rage in doki ya juya injin ya matse ruwan raken da ake dafa mazarƙwaila da shi. Da Malam ya kawo tsohuwa wadda ta bushe, wataƙila da ba a yi abin da aka yi ba. Amma shi mutum ne mai kara, ba zai kawo wa baƙo kuma marar lafiya abin da aka zubar ba. Sai da ya tsaya aka matse sabo, ya zaɓi mai laushi mai ɗan danshi, ya cika kwando ya ɗoro a keke. Baba ya shinshina, ya murza, ya ce ba laifi. Ya jibga ta a kan daron har ta yi tozo. Ɗakin ya ɗauki ƙamshin rake. Ranar Baba ya ci rabin malmalar tuwo ba tare da na roƙe shi ba, maigida kuwa da na gaya masa an rufe, cewa ya yi Allah ya sa alheri, ya ci gaba da goge fitilar da ba mai ita.

Kiyashi ne suka fara zuwa, siririn layi daga taga. Baba ya ce baƙi ne, za su wuce. Ba su wuce ba, sai ma suka aika gida. Kafin mako ya zagayo tururuwa sun shigo ta ƙarƙashin ƙofa, cinnaku sun biyo bayansu, kowa da hanyarsa, duk sun nufi garwa. Da suka ƙoshi sai suka fara zagaya gari, suka hau ƙafar gado.

Wata rana na dawo daga makaranta da azahar, tun daga zaure nake jin zagi da yarenmu, irin zagin da ba a yi a gaban Fasto. Na yar da jakata na ruga. Baba na gani a tsaye. Ya jingina kafaɗarsa ta hagu da bango, tsintsiya a hannun dama, yana ta jibgar ƙasa, zaninsa na neman kwancewa. Mutumin da sai mun taru mu biyu muke zaunar da shi, ga shi a kan ƙafafunsa ba wanda ya ɗaga shi. Na tsaya a bakin ƙofa, dariya ta kama ni, hawaye kuma suna zuba, na rasa wanne zan fara tsayarwa.

"Kin tsaya kina washe baki. Kawo toka."

Na kawo toka. Muka zagaye garwar da ita, muka zagaye ƙafafun gado. Yaƙin ya ɗauki kwanaki, kuma Baba ne kwamanda. Da safe kafin in tafi sai ya ba ni rahoton inda suka ɓullo. Ya ce a kawo masa sanda, aka kawo, ya fara jan ƙafa daga gado zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, yana bin sawunsu. Cin abinci kuwa ya daina zama abin roƙo, har yakan tambaya ko da saura.

Sai dai tuƙar ta fara wani hali. Ta yi baƙi-baƙi, fumfuna ta fito mata, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje suka riƙa tashi in an taɓa. Ƙamshin rake ya juye ya zama tsami. Matar Fasto ta zo duba Baba, ta shaƙi iskar ɗakin, ta dube ni ta dubi ƙarƙashin gado, ta ce mini a hankali ko dai ana kawo wa Baba burukutu a ɓoye ne. Malam ma da ya shigo ya ɗan ja hanci, ya gane aikin tuƙarsa ne, ya riƙa salati yana ba da haƙuri, Baba yana ce masa ai laifin rakenku ne da ya cika zaƙi.

Ranar da Baba ya yaye tuƙar ya tsoma yatsa, fuskarsa ta canja. Ƙasar ta zama taɓo. Ya ciro yatsan ya shinshina. Na san abin da yake tsoro, citta in ta sha ruwa fiye da kima ruɓewa take yi tun a ƙasa, kuma ba shi da wata. Ya sa na kwashe tuƙar duka na kai bola. Ban gaya wa maigida komai ba, shi ma bai tambaya ba, ya dai ga kwandon ya wuce.

Aka bar daron a buɗe, sai kuma wata matsalar ta fito. Iskar bazara mai zafi tana shigowa ta taga, saman ƙasar ya bushe ya yi ɓawo, wani fari-fari kamar kanwa ya hau kai saboda ruwan rijiyarmu, alhali ƙasan yana nan jagab. Baba ya kasa haƙuri da ganinta haka. Da yamma maigida ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa zai yi gaisuwa, na matso don in karɓi saƙo kamar kullum, sai Baba ya ɗaga mini hannu.

"Ke matsa. Ɗana, shigo ka zauna."

Maigida ya dube ni kamar in cece shi. Ya shigo a sunkuye, ya zauna a ƙasa can nesa da gado.

"Matso nan. Sa hannunka ka ji. Ruwan nan ya yi yawa."

"Haka ne, Baba."

"Rishon naka ba a rage masa wuta ne?"

"Ana ragewa, Baba. In an zare lagwani ɗaya ko biyu, ruwan zai ragu."

"To zare. Amma saman nan ba zan bar shi tsirara ba."

Maigida ya ce, yana kallon tabarma, "In da za a sami abu busasshe marar zaƙi, a yi masa shafe-shafe yadda iska za ta ratsa, ina ganin ba zai ɓata ba, Baba."

"Ganyen ɗorawa," in ji Baba. "Akwai ɗorawa a ƙasarku?"

"Akwai su a hanyar Dandamisa."

Ni ina tsaye a tsakar gida ina jin su, an sallame ni daga aiki ba ko sannu. Washegari maigida ya hau keke ya dawo da buhun busasshen ganye. Shi ya ɗaga daron ya zare lagwani biyu, Baba kuma ya barbaɗa ganyen da hannunsa, kaɗan-kaɗan, har ana hango ƙasa ta tsakani. Daga nan kullum da yamma sai su zauna su biyu a gaban garwar, wannan ya tsoma yatsa, wancan ya leƙa bututu. Daga maganar ruwa suka koma ta noman rake da na citta, da wanda ya fi wahala. Baba ya hana kowa tona ƙasar don a duba, ko da yake na kama shi sau da yawa yana kai hannu yana janyewa. Buhun kayansa dai yana nan a ƙarƙashin gado, kuma duk Lahadi sai ya tambaye ni ko na ga direban a majami'a.

Wata safiya ina hura wuta na ji yana kiran mijina, ba ni ba. Muka shiga tare. Wani ɗan koren tsinke ne ya huda ganyen ya fito, a nannaɗe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A gefensa wani yana ɗago ganye. Baba yana ta nunawa da sanda. Maigida ya manta da kunya ya tuntsire da dariya a gaban surukinsa. Aka aika wa Malam, ya zo da goro a aljihu ya rarraba, ya ce ai ko haihuwa aka yi iyakar abin ke nan. Na yi farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba, har na makara zuwa makaranta.

A cikin makon ne man fetur ya samu. Ranar Asabar da rana tsaka na ji ƙugin a-kori-kura a ƙofar gida. Direban ya shigo da fara'arsa yana cewa ya kwana a layi amma ya cika tanki, ga wuri ya gyara wa Baba a gaba. Alkawari ne aka yi a gabana, ba ni da bakin hanawa. Na durƙusa na jawo buhun daga ƙarƙashin gado, na kasa ɗaga kai don kada a ga idona.

Baba yana zaune a bakin gado, ya dubi buhun, ya dubi garwar. Sai maigidana, bawan Allah, don ya nuna biyayya, ya buɗe baki ya ce ai in Baba yana so zai iya zubar da ruwan ya ɗaure garwar da daron da kyau a bayan mota, su tafi tare, ba abin da zai same ta. Da ina da muciya a hannu a lokacin, da sai dai a ba shi labari.

Baba ya leƙa cikin daron. Direba yana kaɗa makulli, ni ina riƙe da bakin buhu.

"A can wa zai duba min lagwani?" in ji Baba. Ya juya wajen direban. "Yaro, ka sha ruwa ka kama hanya, Allah ya kiyaye. In ka isa ka gaya musu citta ba ta nuna sai bayan damina. Ke kuma kwance buhun nan ki ciro min rigata, wannan ta yi datti."